Yadda ake haɗa ƙaramar motar roba ta cikin kwali, da yadda za ka mayar da ita taka

Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko ta gwangwanin madara yana yaro, toh hannunsa ya riga ya san rabin aikin nan. Ita wannan a kwali take zuwa gutsi-gutsi, kamfani ya riga ya zuba robar a mazubi, kai naka yanka ne da gogewa da mannawa da fenti. Lambar da za ka gani a jikin kwalin, kamar 1/24, ma'anarta an rage motar gaske sau 24 ne, wato motar da tsawonta ya kai mita 4 za ta dawo wajen santimita 17, daidai tafin hannu har da yatsu. Kamfanonin Japan da na Turai sun fi yin 1/24, na Amurka irin su AMT kuma 1/25 suka fi yi. A Japan ɗin ma yankin Shizuoka ne gidan abin, can Tamiya da Aoshima da Hasegawa da Fujimi suke, ita Tamiya ma da sana'ar katako ta fara a 1946 kafin ta koma roba.

In farkonka ne ni dai shawarata ka nemi Tamiya, dan gutsayenta suna zama da juna ba sai ka yi ta kokawa da su ba. Wadda zan yi misali da ita ita ce Volkswagen Beetle 1300 ta 1966 a ma'aunin 1/24, na zaɓe ta ne saboda mota ce da muka sani, an fara haɗa irinta a Legas a 1975, kuma jikinta duk lanƙwasa ne, in ka iya yi mata fenti toh sauran motoci ba za su ba ka wuya ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙaramar filaya mai yanka (abin yanke farce ma yana yi in babu), wuƙar aiki mai siririn baki ko sabuwar reza, samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), hantsaki, tsinken sakace, salatif na takarda irin na masu fenti, sai gam da fenti.

Kana buɗe kwali kar ka fara ɓalle komai. Zauna da takardar bayani ka bi ta daga farko har ƙarshe, kowane yanki yana da lambarsa a jikin firam ɗin robar da yake maƙale, in ka ɓalle su gaba ɗaya ka zuba a faranti wallahi ba za ka ƙara gane na hagu da na dama ba. Ka wanke firam ɗin da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke saboda maiƙon da ke jiki, ka bar su su bushe. Wajen cirewa kuma kar ka murɗe da hannu, yanka za ka yi nesa kaɗan da jikin yankin, ɗan tsinin da ya rage sai ka bi shi da reza a hankali ka shafe da samfefa. Ka ɗaga bodin ka duba shi a haske, za ka ga wani siririn layi ya bi ta kan fenda, wannan sawun mazubin roba ne, babu shi a motar gaske, goge shi da 600 ka bi da 1000 har sai ka shafa da farce ba ka ji komai ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai fenti ya hau layin ya fito ɓaro-ɓaro.

Maganar gam tana da muhimmanci. Gam ɗin da aka yi dan wannan aikin narkar da robar yake yi kaɗan ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo kaɗan ya isa. Irin mai ruwa-ruwa ɗin nan na Tamiya mai koren murfi, haɗa gutsayen za ka fara yi sannan ka taɓa bakin buroshin a mahaɗar, da kansa zai bi layin ya shige. Kafin ka sa gam ko yaushe ka gwada haɗawa a bushe tukunna. Kuma ba ya kama wurin da ke da fenti ko ƙyallin nan na azurfa da ke jikin bamba, sai ka kankare daidai wurin mannawar da bakin reza. Sufa gulu kuwa kar ya kusanci gilashi, tururinsa kaɗai yana sa gilashi ya yi fari fat kamar hazo ya kwanta masa, kuma gyaransa wahala. Farin gam na kafintoci shi ne na gilashi da fitilu, ka ɗiba da tsinken sakace, yana bushewa ya zama garau.

Inji da ƙasan mota da kujeru su ake fara haɗawa, da buroshi za ka yi musu fenti, shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Toh yanzu bodi, nan ne aikin yake, nan ne kuma ake cin mutum in ya yi gaggawa. Ka lanƙwasa waya ka maƙala bodin a kai da salatif ta ciki dan kar ka riƙe da hannu. Fara da fentin shimfiɗa, firama, mai ruwan toka, shi ke sa kalar ta kama kuma shi zai tona maka duk wani karce da ka bari. In fentin gwangwani na kasuwa za ka yi amfani da shi, dan Allah ka fara fesa shi a bayan cokalin roba ko guntun firam ka bar shi ya kwana, wasu suna da zafi, suna cin roba ta yi yamushe-yamushe. Girgiza gwangwanin minti biyu cur, riƙe shi nesa da motar kamar santimita 20 zuwa 30, ka fara fesawa a gefe kafin ka iso kan motar, ka wuce ta sannan ka saki. Zagayen farko yayyafi kawai, ko kana hango tokar ƙasa kar ya dame ka, jira minti 15 ko 20, ka ƙara yayyafi, sai a na uku ka ɗan rage saurin hannu fentin ya kwanta da sheƙi. Da ka ga ya fara taruwa a ƙasan fenda ka tsaya cak, ƙari ɗaya zai sa ya zubo. A waje ko bakin taga ake wannan, da takunkumi a hanci, nesa da wuta, kuma ba yara a kusa.

Babban abokin gabarmu a nan shi ne ƙura. Beetle ɗina ta farko a cikin hunturu na fesa ta, shuɗi mai haske, ta fito kamar madubi, na ajiye ta kan tebur na shiga ciki, da na dawo duk rufin ya yi tsiri-tsiri da ƙura har da wani zaren auduga kwance a kan bonet, abin ya yi min ciwo sosai dan sai da na jira sati guda na goge da samfefa na sake daga farko. Tun daga ranar nake yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara, in kashe fanka, kuma ina gama fesawa nake kifa babbar roba mai tsabta a kai in ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke dan iska ta fita. Da safe ya fi, kafin rana ta yi zafi, saboda in zafi ya yi yawa fentin tun a iska yake bushewa ya sauka da ƙurji kamar ɓawon lemo. Kar ka shanya ta a rana kuma, robar tana lanƙwashewa. Ka ba ta kwana 5 zuwa sati, ko ta bushe a taɓi ciki bai gama ba, in ka shinshina ka ji warin fenti toh da saura.

Sitikun da ke zuwa a kwalin na ruwa ne, ka yanko ɗaya ka tsoma a ruwa mai ɗan ɗumi kamar daƙiƙa 15, ka fito da shi ka jira ya saki takardarsa, sai ka zame shi kan motar ka danne da auduga.

Sai ɓangaren da na fi so, wato mayar da motar taka. Kwali ɗaya mutum dubu suka saya, abin da ka ƙara shi ne naka. Mafi sauƙi ka goge tafin taya da samfefa 400, nan take za ta daina ƙyallin sabuwar roba ta koma kamar ta taka titi. Bakin salansa a toshe yake zuwa, huda shi da siririn abin huji ko tsinin reza ka ɗiga baƙin fenti a ciki. Tsohuwar wayar caja in ka fere ta za ka samu ƙananan wayoyi, su nake sa wa injin a matsayin wayoyin filogi, huɗu ne tunda injin Beetle silinda 4 gare shi, a baya yake kuma iska ke sanyaya shi. Bel ɗin kujera salatif na takarda ne a yanka siriri a shafa baƙi. Layukan ƙofa da bonet kuwa, tsinka baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa ka taɓa da bakin buroshi ya bi ramin, sai ƙofar ta fito kamar za ta buɗu. Kariya ta ɗora kaya a saman mota ana yinta da waya da tsinken ashana, in ka ɗora mata ɗan ƙullin ƙyalle da zare sai ka ga motar tafiya gida.

In kuma tsohuwar mota kake so wadda ta sha hanya, akwai dabarar gishiri, amma tun wajen fenti ake shirya ta. Bayan firama ka fesa ruwan ƙasa mai kalar tsatsa ka bari ya bushe sarai, ka jiƙa wuraren da mota ke fara ruɓewa, ƙasan ƙofa da bakin fenda da gefen bamba, ka barbaɗa gishiri ya manne, sannan ka fesa kalar motar a kai. Bayan ta bushe sai ka karkaɗe gishirin da tsohon buroshin haƙori, tsatsa za ta leƙo ta ƙarƙashi a warwatse yadda hannu ba zai iya zanawa ba. Kar ka cika, wuri uku ko huɗu ya isa. Ƙurar hanya kuma allin zane mai kalar jar ƙasa nake gogawa a samfefa ya zama gari, in ɗiba da busasshen buroshi in shafa a bayan tayoyi da ƙasan bodi da murfin inji, inda ƙura ke taruwa da gaske. Kafin ka shafa wa gilashin gaba, yanko salatif siffar rabin da'ira ka manna inda waifa ke sharewa, ka shafa ƙurar, ka ɗaye salatif ɗin, sawun waifa zai fito tas. Je ka tsaya bakin tasha ka ƙare wa tsohuwar mota kallo kafin ka fara, ka ɗauki hoto a waya, da shi za ka yi aiki.

Madubai da waifa da eriya su ne na ƙarshe dan su suka fi saurin karyewa, da hantsaki za ka ɗora su. Kana gamawa ka samo mata akwatin roba mai gani-garau ka rufe, ka ajiye inda rana ba ta bugawa.