Kurakuran da ake yi da maganin fluoxetine na kare da kyanwa

Gaskiya abin da ya fi damuna da maganin nan na fluoxetine da ake ba kare mai firgita, irin wanda da an fita an bar shi sai ya hau haushi yana yagar kujera, shi ne gajen haƙurin masu dabbar. Maganin fa ba ya aiki nan take, sai ya kai sati 4 zuwa 6 kafin a ga canji, to mutum zai ba da shi kwana kaɗan ya ga shiru sai ya ninka da kansa. Kar ka yi haka don Allah. Satin farko dama ana iya ganin kasala da ƙin cin abinci, in ya yi yawa likitan dabbobi za ka kira, shi zai rage ko ya ƙara. Kuma ko a 2007 da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da shi da sunan Reconcile, cewa aka yi a haɗa da horo, ba ƙwaya kaɗai ba.

Wanda ya fi haɗari shi ne haɗe-haɗe, nan ne ake asarar rai. Kare yana kan fluoxetine sai a ba shi tramadol don ciwo, ko selegiline (maganin ruɗewar tsufa a karnuka), ko a ɗaura masa abin wuyan kaska mai amitraz, ba wanda ya gaya wa likita, sai sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin ya yi wa jikinsa yawa. Za ka ga yana karkarwa yana haki, jiki zafi rau, baƙin idonsa ya buɗe sosai, ga amai ga gudawa, wani har faɗuwa yake yana shure-shure. Wannan ba na jiran gobe ba ne, ɗauke shi sai asibiti, ka tafi da kwalin duk abin da ya sha. Ko an daina fluoxetine ma yana daɗewa a jiki, sai an jira wajen sati 6 kafin selegiline.

Dainawa kwatsam ma kuskure ne, a hankali ake janyewa.

Dabba mai farfaɗiya kuwa tun farko a faɗa wa likita, don maganin na iya tayar da farfaɗiyar. Masu kyanwa ku riƙa leƙa inda take fitsari, fluoxetine da clomipramine (wani maganin firgita irinsa) suna iya riƙe fitsari, in ta wuni tana tsugunawa ba ta yi ba, a kai ta asibiti. Kwalbar kuma a sa ta sama a rufe, Reconcile ɗanɗanon nama gare shi, kare zai tauna robar ya cinye duka.