Yadda na rufe sarƙar injinmu na gyaran shinkafa

Injin da ke ɗaga shinkafa zuwa sama a wurinmu da sarƙa yake aiki, kuma a buɗe aka sayar mana da shi. Haɗarin yana daidai inda sarƙar ke shiga haƙoran faranti, wato ƙarfen da'ira mai haƙora da sarƙar ke zagayawa a kai. Nan ta kama tsumman da wani yaronmu ke goge mai da shi, ta ja hannun, yatsu biyu suka karye.

Na kira mai walda ya yi murfi da farantin ƙarfe, gabansa raga mai ƙananan ƙofofi da yatsa ba ya shiga, amma ana ganin sarƙar. Da noti aka ɗaure shi. Ya so ya sa ƙugiya don sauƙin buɗewa, na ƙi, domin abin da ake buɗewa da hannu ɗaya, gobe a ƙasa za ka same shi. Zuba mai ne ke sa yara kai hannu, don haka muka huda murfin muka sa siririn bututu da ke ɗiga mai kan sarƙar daga waje.

Sarƙar ma ta saki, tana yawan sauka. Na daidaita farantan nan biyu masu haƙora da miƙaƙƙen ƙarfe, na ja ta.

Sai maganar wuta. A da idan aka ɗauke aka dawo da ita, injin tashi yake da kansa. Mai gyaran lantarki ya sa makunnin da sai an danna. Duk mai gyaran injin yana kulle makunnin da kwaɗo, makullin a aljihunsa. Riga mai faɗin hannu da safar hannu kuwa, an hana kusa da injin.