Ga wanda ya tare a Yamai kuma yana son dashe a tsakar gida

Duk wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina ya kama gida a Yamai, abin da zai fara damunsa shi ne rana. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma gidajen sababbin unguwanni irin su Kwara Tegi da Niamey 2000 da yawansu fili ne fetal, ba ko inuwar da yaro zai fake. Nan da nan mutum zai ɗauki waya ya shiga neman dashe, ya ci karo da hotunan furanni da itatuwan da ake cewa a biya a aiko. To ɗan'uwa, dakata tukuna ka ji.

Kamfanonin Faransa da Holan da ke aika dashe ta gidan waya sana'arsu suke yi tsakani da Allah, amma don ƙasarsu suke yi. Yawanci daga Nuwamba zuwa Maris suke aikawa, lokacin da itacen ya zubar da ganye yana barcin hunturu, sai a tumɓuke shi a kakkaɓe ƙasar saiwar a naɗe. Irin wannan dashe in ya sauka Yamai, iskar hunturunmu mai bushewa ce za ta tarbe shi, bazara kuma tana biye. Tuffa da ceri na can sai sun sha sanyi mai tsanani na makonni kafin su yi fure, mu kuwa ba mu da wannan sanyin. Ga kuma batun takarda: tsiro mai rai ba ya ƙetare iyaka sai da shaidar lafiyar tsirrai, kuma hukumar kare tsirrai tana da ikon riƙe shi. A nan ba a kai wasiƙa ƙofar gida, akwatin gidan waya ake kamawa, don haka kwalin zai iya kwana da kwanaki kafin ka ji labarinsa. Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. In har akwai abin da ranka ya kwanta da shi daga waje, sayi iri a takardarsa, ka shuka da kanka.

Aiken da ke da amfani shi ne na cikin ƙasa. Masu renon dashe a Gaya da Maraɗi suna karɓar oda ta WhatsApp, ka tura kuɗi ta Nita ko Amana, su sa maka kaya a motar Rimbo ko STM, ka je tasha ka karɓa. Gaya ta fi Yamai samun ruwan sama, shi ya sa mangwaro da lemo suke yi sosai a can, kuma tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, ta hanyar Doso. Maraɗi kuwa ta haura 600, yini guda cur dashen zai yi a ƙarƙashin mota cikin zafi. Ka roƙi mai sayarwa ya shayar da shi da daddare, ya ɗaure bakin ledar, ya jera su tsaye a kwali mai huda, ya sa a motar asuba.

Kafin ka tura ko dala, ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin dashen da za a aiko, a nuna maka wurin auren, wato inda aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin wani dashen. Wannan shi ne wurin da ake cutar baƙo. Mangwaro mai aure irin Kent ko Ameli yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ka jira 6 ko fiye, kuma ba ka san me zai haifa ba. Ka ce a ɗaga ledar ka ga ƙasanta. In saiwa ta huda ta kama ƙasa, ya daɗe a ajiye, kuma cire shi zai ji masa ciwo. Rabin kuɗi a fara bayarwa, sauran in kaya sun iso. Farashi ma ka sa a rubuta da lamba, domin a nan da dala ake lissafi, wanda ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi.

Amma fa kafin duk wannan, je ka bakin kogi wajen Yantala ka zaga wurin masu dashe. Abin da ya girma da ruwan Isa, wato kogin Neja, da ranar Yamai ya riga ya saba. Akwai gwaiba, rumman, gwanda, lemun tsami, da magarya mai aure da ake kira Pomme du Sahel, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa. 'Ya'yanta manya ne, kuma ba ta cin ruwa kamar mangwaro. Don shinge, ban san abin da ya kai lalle ba, ga zogale da uwargida za ta riƙa tsinka. Akwai wani fure mai ruwan hoda da suke kira loriye roz, yana da kyau, amma dafi ne tun daga ganye har reshe. Gidan da ke da yara ko tumaki kada ya shiga.

Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, daga Yuli zuwa farkon Agusta. Ranar 3 ga Agusta ma duk ƙasar dashen itatuwa ake yi, dashe yakan wadata a kasuwa. Wanda aka aiko maka, ajiye shi a inuwa kamar mako guda ya farfaɗo. Haƙa rami kamu biyu zuwa uku zurfi da faɗi, gauraya ƙasa da taki ruɓaɓɓe, domin ɗanyen taki gara yake kira. Yanka ledar, kada ka fasa ƙasar, kuma ka bar wurin auren a sama. Sai kariya daga awaki.

In gidan haya kake, nemi iznin maigidan tun da wuri, ku kuma yi maganar kuɗin famfo, don shayarwar rani tana ɗaga shi. Dogon yaro yana ba da inuwa da sauri, amma nesanta shi da katanga da ramin masai aƙalla mita 5. In kuma ka tarar da gawo a filin, kada ka sa masa gatari sai ka je wurin jami'an gandun daji, domin dokar daji ta 2004 tana hukunta sare itatuwan da aka kare ba da izni ba.