Ga mai niyyar kai iyali kallon besbol a Fenway

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda ke kusa da Boston kuma yana son fita da yara, filin Fenway na ƙungiyar Red Sox ya cancanci zuwa. Tun 1912 aka buɗe shi, babu filin babbar gasar besbol ta Amurka da ya girme shi.

Kafin ka biya kuɗin tikiti, duba hoton kujerar da kyau. Tsohon gini ne, akwai ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da rufin, wata kujerar ginshiƙi ne zai tsaya maka a gaba, ka yini kana leƙe kamar mai neman kaza. Kujerun katakon ma matsattsu ne, mai jiki ya shirya.

Kada ku je da mota. Ku hau jirgin ƙasa na Green Line ku sauka a tashar Kenmore, tafiyar 'yan mintoci ce. Babbar jaka kuma a bar ta a gida.

Ku isa da wuri yara su ga koren katangar nan, Green Monster, mai tsayin ƙafa 37. Har yau da hannu ake canja lambobin allon maki da ke jikinta. A sa su nemo jan kujera guda ɗaya tilo, inda ƙwallon da Ted Williams, shahararren ɗan wasan Red Sox, ya buga ya faɗa a 1946. Nawa yaran sun fi murnar wannan kan wasan kansa.

Abinci kuwa, a tambaya kafin a saya saboda naman alade. Mu gyaɗa muka ci. Idan wasan dare ne a Afrilu, a ɗauki rigar sanyi.