Darasi na 7: Hawa-hawan Ƙasa da Abin da Launinta ke Nunawa

Ƙasar gona ba iri ɗaya ba ce daga sama har can ciki. Hawa-hawa take, kowane hawa da launinsa. Masu haƙar rijiya sun san haka, masu yankan ƙasar gini a kududdufi ma sun sani. Manomi kuwa, sau da yawa iyakar saninsa inda bakin garma ya tsaya.

Bayan girbi, tun ƙasa na da sauran laima, ku haƙa rami a tsakiyar gona, zurfinsa mita 1, wato kamar kamu biyu. Kada a haƙa kusa da suri ko tsohon juji, don ƙasar wurin daban take da sauran gonar. Ku kankare bango ɗaya da fartanya ya yi sumul, ku yayyafa masa ruwa. Busasshiyar ƙasa takan yi haske, sai an jiƙa ta ainihin launinta ke fitowa.

Hawan farko shi ne na sama, kuma yawanci ya fi duhu. Ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi ne suka rina shi. Nan saiwoyin gero da wake suka fi yawa, nan kuma abincin shuka yake. Ku auna kaurinsa da hannu. A gonar jigawa da ta gaji, wani lokaci bai kai taƙi ɗaya ba, launinsa ma fari-fari. In da gawo a gonar, ku tona gindinsa ku kwatanta. Za ku tarar ƙasar ta fi duhu, saboda gawo da damina yake zubar da ganye, da rani kuma dabbobi na hutawa a inuwarsa suna barin taki.

Hawa na biyu ya fi tauri, ya fi laka, don ruwan sama na wanko laka daga sama ya ajiye ta nan. A nan ne launi ya fi ba da labari. Akwai ƙarfe a cikin ƙasa. In iska na shiga, ruwa na wucewa, ƙarfen sai ya yi tsatsa kamar fartanyar da aka manta a waje, ƙasar ta yi ja. Ke nan jar ƙasa ba ta kwantar da ruwa. In launin ya koma rawaya, laima na daɗewa a wurin. In kuwa kuka ga toka-toka ko shuɗi-shuɗi, ruwa ne ke kwanciya watanni har ya hana iska shiga, kamar yadda ake gani a fadama. Shinkafa na son irin wannan wuri, amma rogo da gyaɗa ruɓewa za su yi. Ku duba da kyau ko akwai ɗigo-ɗigon ja a cikin tokar: alama ce ruwa na hawowa nan da damina, ya sauka da rani. Mai shirin dasa mangwaro ko haƙa masai ya lura da wannan sosai.

Can ƙasa kuma sai ruɓaɓɓen dutse da tsakuwa. A wurare da yawa za ku ci karo da marmara tun kafin nan. In ta yi kusa da sama, saiwar itace ba ta ratsa ta.

Mutane kan ce baƙar ƙasa ita ce mai albarka. Ba kullum ba. Baƙar lakar da ake kira firki a Borno, wajen Tafkin Chadi, baƙinta ba na yawan taki ba ne. Tana tsattsagewa da rani, ta yi danƙo da damina, sai dai tana riƙe ruwa, shi ya sa ake dasa dawar masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Farin ɓawo a saman ƙasa kuwa, musamman a gonar ban ruwa, yawanci gishiri ne ko kanwa, kuma yana ƙona shuka.

Aikin gida: kowa ya ɗebo dunƙule ɗaya daga kowane hawa, ya ƙulle a leda daban-daban, ya rubuta launin da zurfin a takarda, ya zo da su aji. Wajen cike ramin, ku fara mayar da ƙasar ciki, ta saman ta zo ƙarshe, kuma kada a bar shi a buɗe ya kwana saboda yara da dabbobi.