Darasi na Tara: Ranar da Foldar Shago Ta Ƙi Buɗuwa

A darasin baya mun koyi yadda ake ware folda ɗaya a kwamfutar shago, sauran kwamfutoci su riƙa shiga suna ɗaukar aiki ba tare da yawo da filash ba. Yau za mu duba abin yi idan ta ƙi buɗuwa bayan an sabunta kwamfuta.

Mu ɗauki misalin wani shagon buga takardu a Kabuga. Foldar aiki tana kan tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, wadda maigida ya ƙi rabuwa da ita don ita kaɗai tsohuwar firinta ke yi wa biyayya. Da daddare aka zuba wa kwamfutar gaba Windows 11. Gari na wayewa ɗaliban Jami'ar Bayero suka cika benci da furojet, folda kuwa ta ce ba ta san zance ba.

"Maigida, ko mu sake yi wa kwamfutar gaba fomatin?"

"Kai yaro, bi a hankali. Karanta min abin da ta rubuta."

Maigida ya yi daidai. Fomatin ba ya maganin wannan ciwo, sai dai ya cinye maka wuni. Rubuta lambar kuskuren a takarda. Wadda aka fi gani ita ce 0x80070035, ma'anarta ba a ga hanyar ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Leƙa bayan kwamfuta, ka ga ko ƙaramar fitilar bakin wayar sadarwa tana ƙiftawa. Sau da yawa mai shara ne ya ture wayar. In lafiya lau take, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta sanda biyu masu jirkicewa da lambar kwamfutar da ke riƙe da folda, wato adireshinta a sadarwar shago (IPv4), kamar haka: \\192.168.1.10. Idan ta buɗe da lamba amma ta ƙi da suna, matsalar ƙarama ce. Sabuwar Windows takan ɗauki sadarwar shagonka a matsayin ta kasuwa, wato Public, sai ta daina neman maƙwabtanta. Mayar da ita Private.

Idan da lambar ma ta ƙi, to an zo wurin. Kwamfutoci suna da yaren da suke miƙa wa juna fayil da shi, sunansa SMB. Na farko, SMB1, tun shekarun 1980 yake. SMB2 ya zo da Windows Vista, SMB3 kuma da Windows 8 a 2012. XP ba ta jin komai sai na farkon, haka ma tsofaffin injinan fotokwafi masu tura sikanin zuwa folda. Ka ga baƙon da ya shiga Kantin Kwari da kuɗi a aljihu, ga atamfa a gabansa, amma shi da mai rumfa ba wanda ke jin bakin wani? Haka ake ciki. Fayilolinka suna nan, ba abin da ya taɓa su.

Da dalili aka toshe tsohon yaren. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta kafar SMB1 ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. A shekarar ne Microsoft ta fara janye shi daga Windows 10.

Ana iya kunna shi. Danna Windows da R, rubuta optionalfeatures, nemo SMB 1.0/CIFS, ka zaɓi Client kaɗai, ka sake tayar da kwamfuta. Masu gyara da yawa nan suke tsayawa su karɓi kuɗinsu. Ni dai a ganina wannan na fitar da aikin yau ne, saboda ɗaliban da ke kan benci. Kafin mako ya zagayo, kwashe foldar zuwa sabuwar kwamfuta, ka cire wa XP wayar sadarwa, ta ci gaba da hidimar firinta da filash, sannan ka koma ka kashe SMB1.

Akwai kuma batun kalmar sirri. Shaguna da yawa sun saba barin folda a buɗe, kowa ya shiga a matsayin baƙo. Windows 11 Pro samfurin 24H2 ba ta yarda da haka. Buɗe asusu mai suna da kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da folda, ka riƙa shiga da su.

Mai amfani da Ubuntu a madadin Windows ma bai tsira ba, domin Samba, manhajar da ke jin yaren SMB a can, samfurinta na 4.11 na 2019 ya zo da SMB1 a kashe. Ya tabbatar cifs-utils, manhajar haɗa foldar sadarwa, tana kan kwamfutarsa, in kuma dole ce ta sa, ya ƙara vers=1.0 a layin haɗa foldar.

Aikin gida: je kwamfutar da ke riƙe da folda a wurin aikinka, danna Windows da R, rubuta cmd, in ta buɗe ka rubuta ipconfig, ka kwafo lambar da ke gaban IPv4 a littafinka. Ka zo da ita aji na gaba, da sunan Windows ɗin da ke kan kowace kwamfuta a shagon.