Watannin jira kafin ganawar zama ɗan ƙasar Amurka: abin da ya kamata ka yi da su

Na tura fam ɗin N-400, wato takardar neman zama ɗan ƙasa, a watan Satumba na 2023, aka kira ni ganawa a Afrilun 2024. Wata bakwai ke nan. A wata biyun farko ban tsinana komai ba, sai buɗe shafin hukumar shige da fice, wato USCIS, safe da yamma ina duba ko an samu motsi. Kullum amsa ɗaya ce: ana kan duba takardunka. Sai daga baya na gane cewa wannan jiran shi ne lokacin shiri, kuma yawancinmu muna ƙare ƙarfinmu a kan haddar tambayoyin tarihi da tsarin mulki, alhali babban abin da za a titsiye mutum a kansa shi ne fam ɗin da ya cike da hannunsa.

Idan ba ka riga ka tura ba, fara da lissafin kwanaki. Ana buƙatar shekara 5 da katin zama na dindindin, wanda kowa ke kira girin kad, ko shekara 3 ga wanda ke auren ɗan ƙasa kuma suna zaune tare. An yarda ka tura kwana 90 kafin cikar wa'adin, amma ko kwana ɗaya ka ƙara a kan haka za a iya yin watsi da takardar. A cikin shekaru biyar ɗin dole ka kasance cikin ƙasar na aƙalla wata 30, masu shekara uku kuma wata 18. Kuɗin fam tun daga 1 ga Afrilu 2024 dala 710 ne ta intanet, 760 ta takarda, kuma akwai rangwame ko yafiya ga mai ƙaramin ƙarfi. Duba farashin a ranar da za ka tura, don yana canzawa.

Da zarar an karɓa za a aiko maka da takardar shaida. Adana ta da kyau, domin tun daga Disambar 2022 tana ƙara wa girin kad ɗinka wata 24 idan ya ƙare kana cikin jira. Bayanta sai ta ɗaukar hoton yatsu, ko kuma a ce an yi amfani da tsohon wanda ka taɓa bayarwa. A nan na kusa yin asara. Mun tashi daga gidan da muke haya, na sanar da gidan waya, na ɗauka shi ke nan. Ashe hukumar tana da nata fam daban, AR-11, kuma doka ta ba ka kwana 10 kacal bayan ƙaura. Wasiƙar ta tafi tsohon gida. Allah ya sa na buɗe asusuna na intanet na gan ta saura kwana uku. Don haka ka buɗe asusun, ka riƙa leƙawa sau ɗaya ko biyu a mako. Fiye da haka wahalar da zuciya ne kawai.

Tambayoyin tarihi da mulki ba su da wuya kamar yadda ake zuzuta su, amma ka fara tabbatar da wanne ne naka. Ni na yi tsarin 2008: tambayoyi 100, a yi maka har 10, ka ci 6. Waɗanda suka tura fam daga 20 ga Oktoba 2025 sabon tsari ne ya hau kansu: tambayoyi 128, a yi maka har 20, ka ci 12. Ranar da ka tura fam ita ce ma'auni, ba ranar ganawa ba. Da baki ake yin duka, babu zaɓin amsa a takarda. Tambayoyin da amsoshinsu suna shafin hukumar kyauta, har da na saurare, kada wani ya sayar maka.

Ni direba ne, don haka a mota na yi karatuna. Goma goma nake ɗauka, in saurara, in ba da amsa da ƙarfi kafin muryar ta faɗa. Lambobi na haɗa su wuri guda suka zauna mini: sanatoci 100 masu wa'adin shekara 6, 'yan majalisar wakilai 435 masu shekara 2, alƙalan Kotun Ƙoli 9, gyare-gyaren tsarin mulki 27, taurari 50 da layuka 13 a jikin tuta. Shelar 'yanci 4 ga Yuli 1776, rubuta tsarin mulki 1787. Inda tambaya ke da amsoshi da yawa, zaɓi wadda harshenka ya fi iya furtawa ka riƙe ta, ba sai ka haddace duka ba. Waɗanda ke kayar da mutane su ne masu canzawa: shugaban ƙasa, mataimakinsa, kakakin majalisa, gwamnan jiharka, sanatanka, wakilin mazaɓarka. Sake duba su ana gobe ganawa, don zaɓe ko murabus na iya sauya amsa. A tsarin da na yi akwai tambayar babban birnin jiha, kuma mu mazauna jihar New York da yawa bakinmu kan suɓuce mu ce New York, alhali Albany ne.

Karatu da rubutu kuwa jimla ɗaya ce cikin uku a kowanne. A kan allon kwamfutar hannu ake rubutawa da wani ɗan alƙalami mai santsi, don haka gwada rubutu a irin wannan allo tun a gida. Kalmomin da ake amfani da su ma an wallafa su.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka natsu. Babu wata jarrabawar magana da Turanci ta daban. Tun daga lokacin da jami'i ya kira sunanka ya gaishe ka ake auna Turancinka, kuma abin da za ku yi ta magana a kai shi ne N-400 ɗinka, shafi bayan shafi, bayan ka ɗaga hannun dama ka yi rantsuwar faɗin gaskiya. Idan lauya ko wani ɗan'uwa ne ya cike maka, to ka karɓi kwafi yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani daren Asabar na baje fasfo biyu a kan tebur, tsohon da sabon, da kwafin fam ɗin a gefe. Ina bin hatimi ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, don wasu sun dushe wasu kuma an buga su a kan juna. A nan na ga tafiyar da na manta: kwana tara da na yi a 2021 lokacin rasuwar yayana. Hankalina a lokacin ba ya jikina, shi ya sa ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba da nake cike fam. Na rubuta ranar fita da ta dawowa a 'yar takarda na maƙala a fasfo. Mantuwa irin wannan ana gyara ta a wurin ganawa idan kai ne ka fara faɗa. Amma tafiyar da ta haura wata shida tana iya karya zamanka a idon doka, wadda ta kai shekara kuwa ta karya shi. Idan kana da irinta, ga lauyan shige da fice kafin ranar. Kuma sharaɗin zaman yana nan a kanka har ranar rantsuwa, don haka in tafiya ta kama ka a lokacin jira, yi ta gajera ka ƙara ta a lissafi.

Sai jerin tambayoyin "ka taɓa". Ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne? Ka taɓa yin rajistar zaɓe ko kaɗa ƙuri'a? Ka taɓa ƙin cike takardar haraji? An taɓa kama ka, ko tsare ka, ko rubuta maka tikiti? Kada ka haddace "a'a, a'a, a'a". Jami'i na iya tsayawa ya ce ka bayyana ma'anar kalmar da ya faɗa, kuma a ƙarshen jerin amsoshin suna juyawa su koma "e", wajen biyayya ga tsarin mulki da yarda da rantsuwa. Na sa 'yata mai shekara 15 ta zama jami'a. Takan hargitsa tambayoyin, ta tsaya ta ce, "Baba, ba amsar nake so ba, gaya mini me kalmar take nufi." Da Turanci mai sauƙi nake bayani, kalma huɗu ko biyar, kuma hakan ya wadatar.

Akwai maganar da ba ma son yi a fili amma dole a yi ta. Fam ɗin yana tambaya ko ka taɓa auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda. Addininmu ya halatta, dokar Amurka ba ta yarda ba, kuma zama da mata fiye da ɗaya a cikin shekarun da ake dubawa yana hana a ba mutum shaidar kyakkyawan hali. Wanda wannan ya shafa ya nemi lauya tun kafin ya tura fam, kada ya ɓoye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙaryar da aka yi bisa rantsuwa tana iya sa a ƙwace takardar ko bayan shekaru. Haka batun ciyar da 'ya'yan da ba sa gidanka, da bashin haraji: je da shaidar cewa kana turawa, ko kana biya kaɗan kaɗan bisa yarjejeniya. Namijin da ya zauna a ƙasar tsakanin shekara 18 zuwa kafin 26 kuma ya nemo shaidar rajistarsa ta shirin kiran soja.

Ga iyayenmu akwai sauƙi da mutane da yawa ba su sani ba. Mai shekara 50 da ya yi 20 da girin kad, ko mai 55 da ya yi 15, an ɗauke masa Turanci; zai zo da tafintansa ya amsa tambayoyin da Hausa. Mai 65 da ya yi 20 kuwa tambayoyi 20 kawai zai karanta. Wani dattijo da muke sallah tare ya daɗe yana gudun abin saboda Turanci. Da na nuna masa wannan sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ashe tun bara na cancanta." Mai lalurar da ke hana koyo kuma likita zai cike masa fam ɗin N-648 na neman a ɗauke masa jarrabawar.

Ranar ganawa na ɗauki takardar gayyata, girin kad, lasisin tuƙi, fasfo duka biyu, takardar aure da ta haraji, na asali da kwafi. Na isa da rabin awa, na wuce binciken ƙofa, na zauna kusan awa guda kafin wata jami'a ta leƙo ta kira ni. Tana gama rantsar da ni na ce mata akwai tafiya ɗaya da ban rubuta ba, na miƙa mata 'yar takardar. Ta duba hatimin, ta shigar, muka wuce. Sau ɗaya ban ji tambaya ba, na roƙi ta maimaita, ta maimaita a hankali. Hakan ya fi ka amsa abin da ba ka gane ba. Da na ci tambayoyin tarihi da mulki shida a jere ta tsaya. Duka bai wuce minti ashirin da biyar ba.

Kafin ka fita za a ba ka takardar sakamako, N-652. Idan ka faɗi wani ɓangare, za a sake kiran ka tsakanin kwana 60 zuwa 90, kuma wancan ɓangaren kaɗai za ka maimaita. Idan an ce ba a yanke hukunci ba tukuna, hukumar tana da kwana 120 daga ranar ganawa. In sun wuce kana da damar kai maganar kotun tarayya.

Ko an ce ka ci, ba ka zama ɗan ƙasa ba sai ka yi rantsuwa, don haka kada ka yi rajistar zaɓe kafin nan. Takardar gayyatar rantsuwa, N-445, tana da tambayoyi kan abin da ya faru tun bayan ganawa: tafiya, aure, saki, kamu. A ranar ake cike su. Za ka miƙa girin kad ɗinka, a ba ka takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kafin ka fara ɗaukar hoto da iyali, tsaya a gefe ka karanta sunanka harafi bayan harafi, da ranar haihuwa, domin sunayenmu suna yawan shan wahala a hannun masu bugawa, kuma gyara a nan take ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da ita za ka nemi fasfo, kuma ta asalin ake turawa, don haka yi kwafinta ka ajiye kafin ta bar hannunka.